Jirgi marar matuƙi zai iya zaɓo alkamar da ba ta cin taki da yawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne, ina aiki da manoman alkama na rani a kwarin Haɗeja. Na ji ana cewa masu bincike suna tayar da jirgi marar matuƙi a kan gonar gwaji ya ɗauki hoto, sannan kwamfuta ta nuna irin alkamar da ke ba da amfani mai yawa da taki kaɗan. Yaya ake yin aikin, kuma da gaske hoto zai iya nuna haka? Kukan manomana kullum tsadar yuriya ne. In akwai irin da zai rage musu ko da buhu ɗaya, ina so in sani.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ana yi, kuma yana da amfani ƙwarai, sai dai jirgin ba ya ganin abin da ake nema kai tsaye. Hasken da ganye ya mayar sama kawai kyamara take aunawa. Sikeli da ɗakin gwaji su ne ke da maganar ƙarshe. Aikin jirgin shi ne ya taimaki mai inganta iri ya tace zuriya ɗaruruwa ko dubbai cikin ƙanƙanen lokaci, ya san waɗanda suka cancanci ya kashe musu kuɗin awo.

Mu fara da abin da ake nema. Wani nazari da Raun da Johnson na jami'ar jihar Okalahoma a Amurka suka buga a 1999 ya ƙiyasta cewa kashi 33 cikin ɗari kacal na naitirojin ɗin takin da ake zuba wa hatsi a duniya, wato sinadarin abincin tsiro da yuriya ke ɗauke da shi, ke komawa cikin abin da aka girbe. Saura yakan tashi sama in an watsa yuriya a kan ƙasa ba a rufe ba, ko ruwa ya tafi da shi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa, ko ƙwayoyin bakteriya su mayar da shi iska a fangalin da ruwa ya kwanta, wani kuma ya maƙale a kara da ƙasa. Babban rabon wannan asara daga yadda ake zuba taki yake, amma iri ma yana da nasa kaso, kuma gida biyu ne: ƙarfin zuƙo naitirojin daga ƙasa, da iya mayar da wanda aka zuƙo ya zama ƙwaya.

A ce iri biyu sun sami kilo 100 na naitirojin a hekta. Na farko ya zuƙi kilo 60, kowane kilo ya ba da kilo 50 na ƙwaya, ya tashi da tan 3. Na biyu ya zuƙi kilo 75, kowane kilo ya ba da 40, shi ma tan 3. A kan sikeli sun yi kunnen doki, amma ba hali ɗaya gare su ba, kuma mai inganta iri zai so ya haɗa aurensu ko a dace da ɗan da ya gaji ƙarfin kowanne. To amma a duba furotin. A alkama ana ninka naitirojin ɗin ƙwaya sau 5.7 a sami furotin. In kashi 80 na abin da kowanne ya zuƙa ya shiga ƙwaya, na farko furotin ɗinsa bai wuce kashi 9 da ɗoriya ba, na biyu ya haura 11. Masu niƙa fulawar burodi wajen 12 suke nema. Wannan ja-in-ja tsakanin yawan amfani da furotin tsohuwar matsala ce a alkama, kuma duk wanda ya zaɓi iri da nauyin buhu kaɗai zai wayi gari da alkamar da ƙullinta ba ya tashi. Lissafin nan kuma shi ke nuna iyakar abin da za a iya fata: tan ɗaya na alkama mai furotin kashi 12 yana ɗauke da kilo 21 na naitirojin, kusan abin da ke cikin buhun yuriya mai kilo 50, wanda ke da kilo 23. Babu irin da zai kuɓuce wa wannan. Abin da ake iya ragewa shi ne wanda ke salwanta a hanya.

Dalilin da ya sa hoto ke da abin faɗa shi ne mafi yawan naitirojin ɗin ganye yana wurin da ake sarrafa hasken rana, tare da sinadarin da ke ba ganye launin kore. Lafiyayyen ganye yana shanye kusan duk hasken ja, yana mayar da wajen kashi 5 kawai, amma yana mayar da kashi 40 zuwa 50 na hasken da ke bayan ja, wanda idon mutum ba ya gani. Kyamarorin da aka fi amfani da su, irin su MicaSense RedEdge, suna da ido biyar: shuɗi, kore, ja, gefen ja (wato hasken da ke tsakanin ja da bayan-ja), da bayan-ja. Daga nan ake fitar da ma'aunin yawan koren ganye da ake kira NDVI: a cire ja daga bayan-ja, a raba da jimillarsu. Ƙasa tsirara takan ba da 0.1 zuwa 0.2, alkamar da ta rufe ƙasa 0.8 zuwa 0.9. Aibinsa shi ne da zarar ganye ya rufe ƙasa sosai, ma'aunin yakan cika ya tsaya, fangali mai kyau da wanda ya fi shi kyau duk su nuna 0.88, a daidai lokacin da aka fi bukatar a bambanta su. Shi ya sa daga lokacin da kara ya fara gaɓa ake komawa ga NDRE, wanda ke amfani da gefen ja a madadin ja, domin wannan hasken yana ratsa ganyen sama ya taɓa na ƙasa.

Kafin jirgi ya tashi, gonar ce aikin farko, kuma a nan gwaji da yawa ke lalacewa tun ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba. Ana bukatar aƙalla mataki biyu na taki, cikakke da ragagge. Ɓangaren ragagge ba ya samuwa don kawai an hana shi yuriya bana. In bara an yi tumatir ko shinkafa da taki mai yawa a wurin, ragowar da ke ƙasa za ta ciyar da alkamar, bambancin ya ɓace. Sai an shuka masara ko dawa ba taki kaka ɗaya ko biyu, an kwashe karan, sannan a ɗebi ƙasa har zurfin santimita 60 ko 90 a auna abin da ya rage. Fosfaras da fotash kuwa a ba kowane ɓangare daidai, don kada yunwar wani abu ta shiga lissafi. A gonar ban ruwa dole kowane ɓangare ya sami hanyar ruwansa da kunya mai ƙarfi a tsakani; ruwan da ya ratsa ɓangaren mai taki ya gangara na marar taki ya riga ya kai masa kyauta. A ce zuriya 300 ake gwadawa, mataki biyu, kowanne sau biyu: fangali 1,200 ke nan. In kowanne layi 6 ne da tazarar santimita 20, tsawon mita 4, gaba ɗaya da hanyoyi zai kai wajen hekta guda. Ana warwatsa zuriyar ba bisa jeri ba, kuma ana maimaita sanannun iri biyu ko uku a ko'ina cikin gonar, domin su ne za su tona inda ƙasar ta fi ƙarfi da inda ta fi rauni.

Tashin jirgi yana da ƙa'idoji kaɗan, amma ba a sassauta su. A tsayin mita 30 irin waccan kyamara tana ba da ɗigo ɗaya a kowane santimita 2, wato ɗigo wajen 12,000 a fangali. Kowane hoto ya hau kan na kusa da shi da kashi 75 zuwa 80, gaba da gefe, jirgin kuma kada ya wuce mita 3 zuwa 5 a daƙiƙa, in ba haka ba hoto ya yi dishi-dishi. Ana tashi tsakanin ƙarfe 11 da 2 na rana, lokacin da inuwa ta fi gajarta, a lokaci iri ɗaya kowane zuwa. Kafin tashi da bayan sauka ana ɗaukar hoton wani farantin toka-toka da aka san adadin hasken da yake mayarwa; da shi ake daidaita hotunan. Wanda ya manta wannan faranti ba zai iya gwada hoton wannan mako da na makon jiya ba, don ba zai san ganye ne ya canza ko rana ba. Ana kuma kafa alamomi biyar zuwa goma a kusurwoyi da tsakiyar gona, a auna matsayinsu daidai da santimita, a bar su har girbi. Ba tare da su ba taswirar takan goce da mita ɗaya ko biyu, alhali faɗin fangali mita 1.2 ne, sai a rubuta wa iri sakamakon maƙwabcinsa. Tashi ɗaya a kaka ba ya wadatarwa. Aƙalla a tashi lokacin da take 'ya'ya, da fara gaɓa, da ɗaukar ciki, da fure, sannan kowane kwana huɗu ko biyar daga fure har ta bushe.

Ana ɗinke hotunan su zama taswira ɗaya da manhaja irin Pix4D, Metashape ko OpenDroneMap wadda kyauta ce, a zana iyakar kowane fangali a manhajar taswira ta QGIS, a yanke layin gefe da santimita 30 zuwa 50 na kowane baki, domin tsiron bakin hanya yana samun haske da abinci fiye da na tsakiya.

Duk wannan bai zama komai ba sai an haɗa shi da awon hannu. A wani kaso na fangalin ana yanke tsiro daga gindi lokacin fure, a busar a zafin digiri 65 zuwa 70 na kwana biyu ko uku, a auna, a niƙa, a fitar da adadin naitirojin a ɗakin gwaji ta hanyar awon Kjeldahl ko ta Dumas. A girbi a sake, ƙwaya daban, kara daban. Wannan ne ke nuna nawa aka tara kafin fure, nawa aka kwashe daga ganye zuwa ƙwaya, nawa aka ƙara zuƙa daga baya. A alkama yawanci fiye da kashi 60 na naitirojin ɗin ƙwaya daga ajiyar kafin fure yake fitowa. Akwai kuma abin lura: yawan naitirojin a jikin tsiro yana raguwa da kansa yayin da yake girma. Awon da Justes da abokan aikinsa suka yi a Faransa a 1994 ya nuna alkamar da busasshen nauyinta ya kai tan 2 a hekta tana bukatar kusan kashi 4, wadda ta kai tan 8 kuwa kashi 2 da ɗoriya ya ishe ta. Saboda haka ba a gwada kason tsiro babba da na ƙarami a ce ƙaramin ya fi.

Sai koyon na'ura mai zurfi, wanda reshe ne na ƙirƙirarriyar basira. A tsohuwar hanya, ɗigo 12,000 na fangali ana matse su su zama lamba ɗaya, matsakaicin NDRE. A sabuwar, hoton gaba ɗaya ake ba manhaja mai hawa-hawa, tare da amsar da aka auna da hannu. Takan yi hasashe, a nuna mata girman kuskurenta, ta gyara lambobin cikinta, a maimaita sau dubbai. Hawan farko yakan koyi gane gefuna da launi, na gaba siffar ganye da zangarniya, na can sama yanayin fangali gaba ɗaya. Inda ta yi fice babu gardama shi ne aikin ido: raba ganye da ƙasa da ciyawa, gane ranar da kowane fangali ya fidda kai, auna inda alkama ta kwanta, da ƙirga zangarniya. Ƙirgar ta ci gaba sosai bayan 2020, lokacin da cibiyoyi daga ƙasashe da dama suka haɗa hotuna wajen 4,700 masu ɗauke da zangarniya kusan 190,000 da aka yi wa alama da hannu, suka sake su ga kowa. Amma a sani, ba a ƙirga zangarniya daga mita 30. Sai an sauko ƙasa da mita 10 da kyamara mai kaifi, a nan kuma iskar farfela takan kaɗa alkamar ta ɓata hoto. In kuwa awon hannu bai wuce ɗari biyu ko uku ba, ra'ayinmu shi ne a tsaya ga hanyoyin lissafi masu sauƙi. Manhaja mai zurfi da ba ta sami misalai da yawa ba haddace su take yi, ba koyo ba.

Ga inda gizo ke saƙa, Malam, kuma shi muke so ka fi riƙewa. Sau da yawa za ka ga an ce manhaja ta yi hasashen amfanin gona da dacewar kashi 90. Tambayi yadda aka gwada. In an zuba fangalin mai taki da marar taki a kwando ɗaya, wannan lamba ba ta da wani amfani ga mai inganta iri. A ce ɓangaren ragagge yana ba da tan 2, cikakke tan 5, bambancin iri da iri a cikin ɓangare ɗaya kuma bai wuce rabin tan ba. Manhajar da ta koyi gane kore da ɗorawa kawai za ta ci wannan jarrabawa, alhali ba ta san komai game da iri ba. Yaro ma zai bambanta ragon da aka turke da wanda ya yini a ɗaure ba harawa. Gwanin kasuwar dabbobi shi ne mai bambanta raguna biyu da suka ci a kwano ɗaya. Dole a auna dacewar a cikin kowane matakin taki daban, kuma a nan lambar takan faɗi ƙwarai. Haka nan in iri ɗaya ya fito a cikin hotunan koyarwa ya kuma fito a na jarrabawa, ko duk hotunan daga gona ɗaya da shekara ɗaya suke, an yi wa manhajar satar amsa. Jarrabawar gaskiya ita ce a koyar da ita da wasu zuriya a wasu shekaru, a gwada ta da zuriyar da ba ta taɓa gani ba a wata shekarar ko wata gonar.

Tarko na biyu lokacin nuna ne. Irin da ke jinkirin fidda kai da kwana shida zai fi kowa kore a hoton ƙarshen kaka, ba don ya fi iya taki ba, sai don bai tsufa ba tukuna. Maganinsa shi ne a lissafa kowane hoto daga ranar furen wannan fangalin, ba daga ranar kalanda ba. Kuma daɗewa da kore ba kullum ne alheri ba. Ƙwayar gadon da ake kira Gpc-B1, wadda aka gano asalinta a 2006 daga wata alkamar daji ta Gabas ta Tsakiya, tana sa ganye ya yi saurin bushewa, amma tana ƙara furotin da zinki da ƙarfe a ƙwaya, domin tana hanzarta kwashe ajiyar ganye. Wanda ya zaɓi mafi kore zai jefar da irin wannan. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne siffar bushewar: yaushe ta fara, da wane sauri ta tafi. Sannan ɗorawar ganye ba yunwar naitirojin kaɗai ke kawo ta ba. Ƙarancin farar wuta, kwanciyar ruwa, gishirin ƙasa da cutar tsatsa duk suna yi, kuma daga sama kamanninsu ɗaya. Sai mutum ya taka ya duba: yunwar naitirojin daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa, ta farar wuta daga sababbin na sama.

Saiwa kuma jirgi ba ya ganinta sam, alhali rabin maganar a can take. Kyamarar zafi tana ɗan leƙawa, don fangalin da ganyensa ya fi sanyi da tsakar rana yawanci saiwarsa ta fi kai wa ga ruwa. Ɗaya daga cikin manyan ci gaban da aka samu a wannan fanni ma ba ta hoto ya zo ba: a 2021 cibiyar binciken noma ta JIRCAS da ke Japan da CIMMYT, cibiyar inganta masara da alkama ta duniya, suka bayyana alkamar da aka sa wa wani yanki na gadon ciyawar daji mai suna Leymus racemosus, wadda saiwarta ke fitar da sinadarin da ke rage wa bakteriya saurin mayar da taki zuwa nau'in da ruwa ke wankewa.

A shirin inganta iri na gaske, kamar na CIMMYT a tasharta ta Obiregon da ke kwarin Yaki a Meziko, inda mashahurin mai inganta irin alkama Norman Borlaug ya yi aikinsa, ana haɗa bayanan sama da na gwajin ƙwayoyin gado da na sikeli, kuma an nuna cewa ƙara awon kore da na zafin ganye yana kyautata hasashen amfanin zuriyar da ba a auna ba. Ribar tana farkon tacewa, lokacin da zuriya ke da yawa, irin kowacce kuma bai isa babban fangali ba. Daga 300 a zubar da rabin da ba su da alama, a kai sauran gwaji na wurare da yawa. Daga haɗa aure zuwa sakin iri har yanzu shekara goma ko fiye ake ɗauka. Jirgin yana ƙara dacewar zaɓe ne, ba ya gajarta kakar alkama.

A Najeriya alhakin binciken alkama yana hannun Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, kuma yawancin irin da ke hannun manomanka, kamar Norman da Reyna-28, daga zuriyar CIMMYT da ICARDA, cibiyar binciken noma a busassun yankuna, aka zaɓo su. Manhajar da aka koyar da alkamar hunturun Turai, mai wata tara ko goma a gona, ba za a ɗora ta kai tsaye kan tamu mai wata uku da 'yan kwanaki ba. Sai an sake koyar da ita da hotuna da awon wurare irin Kadawa da Haɗeja. Hazo ma matsala ce tamu ta musamman, don kakar alkama da hunturu tare suke zuwa: ƙura tana canza hasken da ke sauka, tana kuma kwanciya a kan ganye da idon kyamara. A ranar da hazo ya yi kauri gara a ɗage tashin, in kuwa dole ne a ɗauki hoton faranti a kowane canjin batir. Zafin watan Maris kuma yakan katse cikar ƙwaya, ya sa irin da ya makara ya yi kyau a hoto ya yi ƙanƙamo a buhu. Kafin a tayar da jirgi kuma ana bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba da shawara kan tsaro.

Buhun da kake son ragewa kuwa, wannan ilimin hasken ganye yana da hanyar da ta fi kusa da kai fiye da sabon iri. A kwarin Yaki an daɗe ana amfani da ita tare da na'urar hannu mai suna GreenSeeker. A kowace gona a ware zirin da ya kai faɗin mita 5 zuwa 10, a ba shi taki wadatacce tun shuka, sauran gonar a ba ta kashi ɗaya cikin uku ko rabin abin da aka saba. Gab da fara gaɓa a gwada koren zirin da na sauran gonar. In ba a iya bambanta su, ƙasar tana da ajiya, a rage zubi na biyu. In zirin ya yi fintinkau, a cika zubi na biyun. Ko babu na'ura ido yana ganin babban bambanci, musamman da safe in an ba rana baya. Yuriyar kuma a zuba ta a kan busasshiyar ƙasa a bi ta da ruwa a ranar, ruwa mai auna wanda zai shigar da ita ƙasa ba wanda zai kwanta a fangali ya kwana ba, kuma a toshe bakin fangalin kada ruwan farko ya fice da ita zuwa magudana.